Jinyar Damuwa Ta Hanyar Tattaunawa: Abin Da Ake Samu Da Yadda Ake Gane Ƙwararren Da Ya Dace

Mutum zai biya kuɗinsa, ya shiga ɗaki, ya zauna minti 50, ya fito ba allura ba ƙwaya. Haka jinya ta hanyar tattaunawa take, wato zaman da ake yi da ƙwararre a kan ciwon damuwa, fargaba, firgici, waswasi, rashin barci ko rikicin zamantakewa. Da yake ba a ganin abin da aka saya da ido, mutane da yawa ba su san ta inda za su auna ta ba. Wani sai ya yi watanni yana zuwa bai ga canji ba, yana jin nauyin ya faɗa. Wani kuma zuwa ɗaya zai yi, bai ji daɗi ba, ya yanke cewa duk abin ɓata lokaci ne. Hukuncinmu a kan wannan hidima shi ne tana aiki, kuma ta cancanci kuɗi da lokacin da ake kashe mata, amma da sharaɗi biyu: hanyar da aka bi ta dace da ciwon, mutumin da ke zaune a gabanka kuma ya kasance wanda za ka iya faɗa wa abin da ka ɓoye wa kowa.

Tun a 1977 masana biyu a Amurka, Mary Lee Smith da Gene Glass, suka tattara sakamakon bincike 375, suka gano cewa matsakaicin wanda aka yi wa irin wannan jinya ya fi kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi. Sai dai akwai ɗaya ɓangaren da ba a cika faɗa wa mai neman taimako ba. Kusan mutum ɗaya cikin biyar yana daina zuwa kafin a kammala, kuma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na manya suna fita ciwonsu ya fi yadda suka shiga. Saboda haka ba hidimar da ake saya ido rufe ba ce.

Ruɗanin farko yana a kan sunaye. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne da ya ƙware a wannan fanni, shi ke tantance ciwo ya rubuta magani, kuma sau da yawa ganawarsa gajera ce domin duba yadda maganin ke aiki. Masanin halayyar ɗan'adam na asibiti shi ke yin gwaje-gwaje da doguwar tattaunawa, amma a yawancin ƙasashe ba ya rubuta magani. Sai masu ba da shawara da ma'aikatan jin daɗin jama'a da nas-nas da suka samu horo na musamman, waɗanda da yawansu aikinsu ba ya kasa na kowa. Matsalar ita ce a ƙasashe da dama, har da Birtaniya, doka ba ta hana kowa kiran kansa mai ba da shawara ba. Wanda ya yi shekaru yana karatu a ƙarƙashin kulawar manya da wanda ya yi kwas na 'yan kwanaki a intanet duk suna iya rataya allo iri ɗaya. Don haka a tambayi mutum wace hukuma ko ƙungiyar ƙwararru ce ta yi masa rajista, sannan a duba sunansa a jerinta. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Kafin a fara ma, yana da kyau a ga likitan jiki. Ƙarancin jini, matsalar tayirod (wata ƙaramar gaɓa da ke wuya) da illar wasu magunguna suna iya kawo kasala, faɗuwar gaba da baƙin ciki da suka yi kama da ciwon damuwa sak, kuma ba yawan tattaunawa ne zai gyara su ba.

Hanyar da mutum zai fi cin karo da ita ita ce ta gyara tunani da ɗabi'a, wadda aka fi sani da CBT. Likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ne ya tsara ta a shekarun 1960, bayan ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu da sauri, su yarda da su ba tare da sun bincika ba. Tsarinta a bayyane yake. Zama ɗaya a mako, yawanci tsakanin zama 6 zuwa 20. Ana buɗe kowane zama da tambayar yadda makon ya kasance, a amince a kan abu ɗaya ko biyu da za a yi aiki a kansu, a duba aikin gidan da aka bayar, a yi aikin ranar, a rufe da sabon aikin gida. Asalin fahimtar ma ya girmi Beck nesa ba kusa ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, ya bambanta baƙin cikin da ke da sananne dalili da wanda ke zuwa haka kawai, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi tunani nagari tun yana lafiya domin ranar da hankali zai tashi.

Ga yadda aikin yake a aikace. Mace ta aika wa ƙawarta saƙo, an nuna an karanta, awa shida ba amsa. Za a ba ta takarda mai gidaje. A gidan farko ta rubuta abin da ya faru kawai, ba sharhi. A na biyu ta rubuta tunanin da ya faɗo mata: «Ta gaji da ni, kowa ma haka zai yi.» A na uku ta rubuta abin da ta ji da ƙarfinsa a ma'aunin 0 zuwa 100, misali baƙin ciki 80. Daga nan sai a nemi hujja ta ɓangare biyu. Me ke nuna ƙawar ta gaji? Jinkirin amsa. Me ke nuna akasin haka? Ita ce ta kira makon jiya, kuma ta saba jinkirta amsa idan tana wurin aiki. Sai ta rubuta tunanin da ya ɗauki hujjojin duka: «Ban san dalilin shirunta ba, ta taɓa yin haka kuma ba komai.» A sake auna baƙin cikin, wataƙila ya sauko 50. Bai koma sifili ba, kuma ba a nemi ya koma ba. Abin da ake koyo shi ne tsayawa tsakanin abin da ya faru da fassarar da zuciya ta yi masa, kuma sai an maimaita sau da yawa yake zama jiki.

Inda CBT ke lalacewa sananne ne. Ƙwararre mara zurfi yakan mayar da ita gardama, ya dage sai ya nuna maka tunaninka kuskure ne, ko ya ce ka riƙa tunanin alheri kawai. Alhali wani lokaci tunanin gaskiya ne: bashin yana nan, mai gidan aikin azzalumi ne. A nan aikin yakan koma neman mafita mataki-mataki, ba sauya tunani ba. Sai kuma aikin gida. Zaman minti 50 ne cikin awa 168 na mako, wanda bai taɓa takardar ba tsakanin zama da zama da wuya ya ga canji. Idan damuwar ta yi nauyin da rubutu ma ya gagara, ƙwararren kirki zai ajiye takardar ya fara da jadawalin ƙananan ayyuka: wanka da safe, tafiyar minti 10, kiran mutum ɗaya. Dalilin shi ne mai ciwon damuwa yana jiran kuzari ya zo kafin ya motsa, alhali motsin ne ke jawo kuzarin.

Wurin da zaɓen hanya ya fi muhimmanci, a ganinmu, shi ne ciwon waswasi da na firgita, domin a nan ne tattaunawa mai daɗin ji take iya ƙara ciwo. Ɗauki mai waswasin kulle ƙofa, wanda zai koma ya duba sau goma kafin ya kwanta. Idan ya samu mai tausayi da ke ce masa kullum «ka kwantar da hankalinka, ba abin da zai faru», zai ji sanyi na ɗan lokaci, amma wannan tabbacin ya zama wani sabon duba ƙofar, ciwon ya samu abincinsa. Abin da ke aiki shi ne fuskantar abin tsoron tare da ƙin yin al'adar da ke biyo baya, hanyar da Victor Meyer ya fara bayyanawa a Landan a 1966. Za a jera abubuwan tsoro daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, kowanne da makinsa daga 0 zuwa 100. A fara da na kusan 30 ko 40: ya kulle ƙofa sau ɗaya, ya juya baya, ya zauna da fargabar ba tare da ya koma ba, ba tare da ya tambayi kowa a gidan ko ya kulle ba. Fargabar za ta hau, ta tsaya, ta sauko da kanta. A maimaita kullum har matakin ya daina tayar da hankali, sannan a hau na gaba. Mai firgitar da ke zuwa ba zato, zuciya na bugawa, numfashi na sarƙewa, shi kuma ana sa shi ya jawo alamomin da gangan a gaban ƙwararren, bayan likita ya tabbatar zuciyarsa da huhunsa lafiya: ya yi numfashi da sauri na minti ɗaya, ko ya juya a kan kujera har jiri ya kama shi, domin jikinsa ya koyi cewa wannan yanayi ba mutuwa ba ne. Aiki ne mai wuya, ba kuma kowane ƙwararre ne ya koye shi ba. Duk mai irin wannan ciwo ya tambaya kai tsaye ko ana yin sa, in ba a yi ya nemi wani wurin.

Haka ma wanda ya ga tashin hankali, haɗarin mota, hari, fyaɗe ko yaƙi, abin ya riƙa dawo masa a mafarki da farke. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar hanyoyi biyu: CBT da aka keɓe wa irin wannan rauni, da kuma EMDR, wadda Francine Shapiro ta fara a 1987, inda mutum ke tuna abin da ya faru a taƙaice yana bin yatsun ƙwararren da ido hagu da dama. Masana suna ta muhawara a kan ko motsin idon ne ke yin aikin ko kuwa fuskantar abin da ake gudu, amma hanyar tana kawo sauƙi, kuma tana da amfani ga wanda ba zai iya ba da labarin dalla-dalla ba. Abin lura a nan shi ne gaggawa. EMDR matakai takwas gare ta, na farkon biyu ɗaukar tarihi ne da koya wa mutum yadda zai kwantar da kansa idan abin ya taso. Wanda ya tsallake su ya ce ka ba shi labarin komai a zaman farko zai iya sallamar ka cikin halin da ya fi na da. Shi ya sa ma Hukumar ba ta goyon bayan a tara mutane washegarin masifa a matsa musu kowa ya amayar da abin da ya gani a zama guda.

Rashin barci yana da tasa hanyar, zama 4 zuwa 8, kuma wata babbar ƙungiyar likitoci a Amurka ta ce a 2016 ita ya kamata a fara gwadawa kafin ƙwayar barci. Mutum zai rubuta lokutan barcinsa na mako biyu. Idan yana kwanciya awa tara amma barcin shida ne, sai a taƙaita zamansa a gado zuwa shida, da tsayayyen lokacin tashi, a riƙa ƙara minti 15 idan barcin ya daidaita. Makon farko akwai wahala, kuma mai farfaɗiya ko direban doguwar hanya kada ya gwada sai da sanin likita.

Wanda damuwarsa ta biyo bayan rasuwa, rabuwar aure, haihuwa, rasa aiki ko rikici da na kusa, hanyar da Gerald Klerman da Myrna Weissman suka tsara, IPT, takan fi kwanta masa. Mako 12 zuwa 16 ne, ba yawan takardu, ana zaɓar matsala ɗaya ta dangantaka a tsaya a kanta. DBT kuwa, ta Marsha Linehan, an gina ta ne domin masu fushi ko baƙin cikin da ke hawa nan take, masu cutar da jikinsu ko yawan tunanin kashe kai. Cikakkiyarta tana da zaman mutum ɗaya a mako, da ajin koyon dabaru a rukuni na kusan awa biyu, da damar kiran ƙwararren a waya idan abu ya rikice, kuma takan ɗauki wata shida zuwa shekara. Wurare da yawa suna rubuta DBT a tallarsu alhali 'yan takardun dabarun kawai suke rabawa. Wannan ba laifi ba ne in an faɗa, amma mai tsananin buƙata ya san ba cikakkiyar ba ce.

Sai hanyar tono tushe, wadda ta samo asali daga Sigmund Freud a ƙasar Ostiriya a ƙarshen ƙarni na 19. Ta yau ta yi nisa da tasa. Ana zama fuska da fuska sau ɗaya ko biyu a mako, ba jadawali, ana bin abin da ke maimaita kansa a rayuwar mutum: me ya sa duk wanda ya matso kusa sai ka kore shi, me ya sa yabo ke tayar maka da hankali. Ta dace da mai cewa «ban san me ke damuna ba, amma kullum a wuri ɗaya nake faɗuwa». Aibinta tsawo da tsada, da kuma yiwuwar a yi shekaru ana fahimtar kai ba tare da wani abu ya sauya a waje ba. Akwai gajeriyarta mai iyakar zama, kuma ita muka fi ba mai farawa shawara.

Duk wannan bayani na hanyoyi rabin maganar ne. Ɗaya rabin shi ne mutumin. Carl Rogers ya rubuta a 1957 cewa dole ƙwararre ya fahimci halin da mutum ke ciki daga mahangar mutumin, ya karɓe shi ba tare da sharaɗi ba, ya kuma kasance ba ya wasan kwaikwayo. Edward Bordin ya ƙara fayyace abin a 1979, ya ce haɗin kan jinya ƙafa uku gare shi: yarda a kan inda aka dosa, yarda a kan aikin da za a yi, da amincin da ke tsakani. Nazarin da aka wallafa a 2018, wanda ya haɗa bincike kusan 300 da majinyata sama da 30,000, ya nuna ƙarfin wannan haɗin kai yana tafiya tare da samun sauƙi ko da wace hanya aka bi.

A nan ne mutane suka fi kuskuren fahimtar ƙwararre mai goyon baya. Ba shi ne wanda zai gyaɗa kai ga duk abin da ka faɗa ba, ya tabbatar maka kowa ne mai laifi sai kai. Irin wannan zama yana da daɗi, ana fita da sauƙin zuciya, amma shekara za ta zagayo kana inda kake. Mai goyon baya na gaskiya yana tuna sunan ɗan'uwanka da ka ambata makonni uku da suka wuce. Idan ka yi shiru ba ya hanzarin cike shirun. Idan ka faɗi abin kunya fuskarsa ba ta sauyawa. Sannan, bayan ka amince da shi, zai iya ce maka: «Wannan ne karo na uku da muka zo kan maganar mahaifinka ka sauya zance, ko mu ɗan tsaya a nan?» Babban gwajinsa shi ne ranar da ka ce masa wata maganarsa ta ɓata maka rai. Nagari zai saurara, ya tambayi yadda ka ji ta, ya karɓi nasa kason. Wanda ya hau kare kansa, ko ya ce ciwonka ne ke sa ka jin haka, ya nuna maka iyakarsa.

Tun ran gini ran zane, don haka a yi tambayoyin tun a kiran farko ko zaman farko. Ka taɓa aiki da masu irin matsalata? Wace hanya kake bi, kuma me za mu riƙa yi a cikin zaman? Kamar zama nawa kake hasashe, yaushe za mu tsaya mu duba ko ana ci gaba? Akwai babban da ke duba aikinka? Nawa ne kuɗin zama, kuma me zai faru idan na fasa zuwa a ƙurarren lokaci? Wurare da yawa suna cajin cikakken kuɗi idan ba a sanar da awa 24 ko 48 ba, gara a sani tun wuri. Amsar da ta fi tayar mana da hankali ita ce «ina haɗa hanyoyi daban-daban» ba tare da ƙarin bayani ba. Ƙwararru da yawa suna haɗawa da ilimi, amma mai ilimin zai iya faɗa maka abin da zai ɗauko daga ina da dalilinsa, cikin harshen da za ka gane. Wanda addini ke da babban matsayi a rayuwarsa ya faɗa tun farko ya ga yadda za a karɓa. Ba dole ƙwararren ya zama mai irin aƙidarka ba, amma kada ya ɗauki imaninka a matsayin ciwo, kada kuma ya mayar da zaman wa'azi ya ce maka raunin imani ne ya jawo damuwar. Haka mace da ta fi sakewa da mace, ko mai son a yi magana da harshen da yake mafarki da shi, haƙƙinsu ne su nema.

Maganar sirri dole a yi ta a zaman farko, kuma ƙwararren ne ya kamata ya fara tayar da ita. Abin da ka faɗa ba ya fita, sai a 'yan wurare da doka ta ware, galibi idan ranka ko na wani yana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, ko kotu ta ba da umarni. Iyakokin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai a nemi ya fayyace. Akwai kuma abubuwan da ba a yi musu uzuri: neman soyayya ko taɓa jiki, neman rance ko haɗa kasuwanci, ba ka labarin wani majinyaci da sunansa, alkawarin warkewa cikin kwana kaza, cinye lokacinka da labarin kansa, ko ce maka ka daina shan maganin da likita ya rubuta. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya daina zuwa, ya kai ƙara ga hukumar da ta yi wa mutumin rajista. Ma'aurata kuma su sani ba a yin zaman sulhu na haɗin gwiwa matuƙar akwai duka ko tsoratarwa a gidan, domin abin da aka faɗa a ɗakin yana iya jawo wa mai rauni ƙarin cuta bayan an koma.

Ana iya auna ci gaba da lamba, kuma muna ganin duk mai biyan kuɗi ya nemi a yi hakan. Takardar PHQ-9, mai auna ciwon damuwa, tambayoyi tara ce a kan makonni biyu da suka wuce, kowace da maki 0 zuwa 3, jimilla 27. Daga 10 zuwa sama damuwa ce matsakaiciya, daga 20 mai tsanani. GAD-7 ta fargaba ce, iyakarta 21. Cike su ba ya wuce minti uku. Raguwar maki 5 a PHQ-9 canji ne na gaske, saukowa ƙasa da 5 kuma alamar an samu lafiya. A ba sabon ƙwararre zama uku ko huɗu kafin a yanke hukunci a kan jituwa, tunda zaman farko kusan duk tambayoyin tarihi ne kuma kowa a ɗarare yake. Idan an kai zama shida zuwa takwas lamba ba ta motsa ba, rayuwar yau da kullum ma haka, a faɗa masa a fili. Wataƙila a sauya hanya, ko a haɗa da magani, ko a tura ka wurin wani. Jin nauyin zuciya bayan zaman da aka taɓo abu mai ciwo ba baƙon abu ba ne, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ke ƙaruwa mako bayan mako shi ne abin dubawa.

Zama ta bidiyo ya buɗe ƙofa ga wanda ke nesa ko mai jin kunyar a gan shi a bakin asibiti, kuma ga damuwa da fargaba sakamakonsa ya yi kusa da na ido da ido. Yana buƙatar ɗakin da ba mai ji, abin sawa a kunne da intanet mai ƙarfi, sannan ƙwararren ya san inda kake da lambar wani naka saboda gaggawa. Manhajojin da ke haɗa mutum da ƙwararre bisa biyan kuɗin wata-wata suna da sauƙin shiga da sauƙin sauya mutum, amma zamansu yakan gaza minti 50, musayar saƙon rubutu kuma ba ta maye gurbin zama. A karanta abin da suke yi da bayanan mutum kafin a cike tambayoyinsu. A 2023 kamfanin BetterHelp ya amince ya biya dala miliyan 7.8 bayan hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta zarge shi da miƙa bayanan masu amfani da shi ga irin su Facebook da Snapchat domin talla. Ga wanda kuɗi suka yi wa ƙaranci, jinyar rukuni da asibitocin koyarwa, inda ɗalibai ke aiki a ƙarƙashin malamansu, sun fi araha, wasu ƙwararrun kuma suna rage kuɗi daidai da samun mutum idan an tambaya.

Tattaunawa ita kaɗai ba ta isa ga mai jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko mai kwanaki ba barci yana jin ƙarfi da kashe kuɗi ba lissafi, ko wanda damuwa ta hana ci da sha. Waɗannan likitan ƙwaƙwalwa suke buƙata da farko, tattaunawar ta biyo baya. Wanda kuma ya shirya yadda zai kashe kansa kada ya jira ranar zama, a kai shi sashen gaggawa na asibiti a ranar, wani ya zauna tare da shi, a kawar da magunguna da makamai daga kusa.

Rufe jinya ma aiki ne da ake tsarawa. Maimakon a yanke lokaci guda, sai a tazarta zaman daga kowane mako zuwa bayan mako biyu, sannan wata-wata. A zaman ƙarshe a rubuta shafi ɗaya: alamomin farko da ke nuna ciwon na dawowa, kamar raguwar barci ko daina ɗaga waya, dabarun da suka fi yi maka aiki, mutanen da za a kira, da makin PHQ-9 da idan an kai shi za a koma. A kuma tsayar da ranar zaman bita guda bayan wata uku tun kafin a fita daga ɗakin.